Ƙuri'ar da Na Hana 'Yata

Shekara guda cur 'yata ta fari tana fita kowace Asabar da jaka a kafaɗa, tana ce mini za ta wasan "futi", ni kuma ina ce mata Allah ya tsare. A zatona yaran da suka tashi a Amurka ne suka gutsure sunan ƙwallon ƙafa, kamar yadda suke gutsure kowace kalma da ta fi ƙarfin bakinsu. Har a raina ina jin daɗi, domin ni ma na tsare raga a makarantar sakandare a Zariya, kuma ban taɓa zaton a cikin 'ya'yana huɗu ita ce za ta ɗauko wannan hanya ba.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Mamana nake kiranta. A lokacin shekararta ashirin da ɗaya, tana karatun gashin ƙashi a jami'ar da ke kusa da gidanmu a Greenbelt. Yarinya ce mai sanyin hali. Idan muna kan layi a kanti wani ya kutso gabanta, ita za ta matsa masa, har da ba shi haƙuri. Idan na yi mata Hausa takan amsa da Turanci, muryar can ƙasa, sai na ce, "Me kika ce?" sau biyu kafin in ji. Ni kuwa ina aiki a wani kantin magani a Silver Spring, kuma yawancin Asabar a bayan kanta nake wuni, shi ya sa ban taɓa zuwa kallon wasan nata ba.

Wata Asabar a watan Satumba, 'yan shekaru bayan dubu biyu da goma, na sami hutu. Da safe ina shan shayi ta tsaya a bakin ƙofar falo tana murza igiyar jakarta.

"Baba, yau ne wasanmu na ƙarshe a bana. Baƙi za su zo daga wata jiha, tafiyar awa huɗu. Ba mu taɓa cin su ba. In kana so ka zo."

Na ce me zai hana. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina, wani ɗan Kumasi haifaffen zango da ke aikin kula da tsofaffi, wanda muka saba kallon ƙwallon Turai tare. Ya ɗauko kujerun naɗewa guda biyu, muka bi babban titin Beltway, Mamana tana kujerar baya.

Tun daga wurin ajiye motoci na fara ganin abin da ban gane ba. Filin ba mai kusurwa huɗu ba ne, zagaye yake kamar ƙwai. A kowane ƙarshe an kafa fararen sanduna huɗu, biyu dogaye a tsakiya, biyu gajeru a gefe. Babu sandar sama, babu raga.

"Alaji, ina raga?" in ji maƙwabcina.

Na ce wataƙila ba a gama kafawa ba. Sai ga ƙwallon an jefo ta, ja, mai tsini biyu kamar gwanda. Ta faɗi ƙasa, maimakon ta gangara sai ta yi tsalle hagu, ta dawo dama, kamar akuyar da aka kwance.

'Yan kallo ba su wuce ashirin ba. A cikinsu akwai wani dattijo Bature mai farin gemu da jajayen kumatu, ya naɗe wuyansa da gyalen ulu mai launin rigar ƙungiyar, duk da zafin da ake yi. Da ya ga mun tsaya sororo ya matso ya gaishe mu. Ya ce shi mutumin Ostireliya ne, ya yi ritaya daga aiki a Washington, kuma wannan ƙwallon ƙasarsu ce, da ita suke kwana da ita suke tashi. Da na nuna masa mai lamba goma sha huɗu na ce 'yata ce, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza har agogona ya zame.

"Kai ne uban bangonmu!" ya ce.

Na dubi wadda yake kira bango. Ga ta can da dogon wando a ƙarƙashin gajeren, da riga mai dogon hannu, da wani ɗankwali da ya kama kanta tsam. Tana cusa wata roba a baki, wai ta kare haƙora. Wace irin ƙwallo ce ake shirya wa haƙora?

Alƙali ya busa usur, ya cilla ƙwallo sama a tsakiyar fili, wasu dogayen mata biyu suka yi tsalle suka yi karo a iska, ƙirji da ƙirji. Daga nan sai abin ya rikice mini. Ana ɗaukar ƙwallo da hannu, ana gudu da ita, ana naushinta da dunƙulallen hannu a miƙa wa abokiya, ana buga ta da ƙafa ta tashi kamar za ta taɓa gajimare. Ba a yi minti biyar ba sai ga wata ƙatuwa daga cikin baƙin ta rungumo ƙwallo ta nufo gidanmu, ƙasa na amsawa. Kowa ya kauce. Mamana kaɗai ta sunkuyar da kafaɗa ta tare ta, ta kama ƙugunta da hannu biyu, ta juya da ita, suka zube ƙasa tare. Har inda nake na ji ƙarar.

Ban san lokacin da na miƙe ba, kujerar ta kife. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ei! Alaji, yarinyarka ne wannan?" in ji maƙwabcina, da yake Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji. "Ya kayar da shi kamar ragon Layya!"

Na tsaya ina jiran alƙali ya zaro jan kati, ina ma tunanin yadda zan je in ba iyayen matar haƙuri. Sai na ga ya karɓi ƙwallon ya miƙa wa Mamana. Dattijon yana ta tafi, yana faɗa mini a kunne cewa wadda aka kama riƙe da ƙwallo ba ta rabu da ita ba, ita ce mai laifi. Matar da aka kayar ta tashi, ta kakkaɓe ciyawa, ta daki kafaɗar Mamana alamar yabo, ta wuce abinta.

Na ɗaga kujerata na zauna. Wannan ce yarinyar da ba ta iya kashe gizo-gizo a banɗaki sai ta kira ƙaninta.

Dattijon ya ci gaba da koya mini. In aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen sandunan, maki shida ne. In ta kauce ta bi ta gefe, tsakanin doguwa da gajeruwa, maki ɗaya.

"Wato wadda ta ɓarar ma ana ba ta lada?" na tambaye shi.

"Ai ta yi ƙoƙari," ya ce.

Na ce a garinmu wanda ya ɓarar da irin wannan sai ya ji sunan kakarsa daga bakin 'yan kallo. Ya yi dariya har da tari.

Kashi huɗu ake raba wasan. A kashi na biyu baƙin suka yi mana fintinkau. Sun fi namu jiki, sun fi su sanin juna. Kuma a nan ne Mamana ta yi kuskuren da ya tsaya mini a rai. Ta sami ƙwallo a gefen gidanmu, maimakon ta buga ta waje ta bakin layi, sai ta ratsa da ita ta gaban sandunanmu tana neman abokiyarta a ɗaya gefen. Wata siririya daga cikin baƙin ta shiga tsakani ta cafke, ta zuba maki shida ba tare da ko gumi ba. Sai kawai na ji muryata tana tashi da Hausa, a gaban Turawa:

"Ba a ratsa gaban gida da ƙwallo! Waje! A kai ta waje!"

Maƙwabcina ya dube ni. "Alaji, ɗazu kana salati, yanzu ka zama koci?"

Bayan hutun rabin lokaci namu suka dawo kamar an canza su. Akwai wata mai jan gashi, lamba takwas, wadda dattijon ya ce ma'aikaciyar jinya ce kuma daga aiki ta wuto filin. Ba ta da tsalle, ba ta da wani bugu na a zo a gani, amma duk inda ƙwallo ta faɗi cikin turmutsutsu, ita za ka ga ta fito daga ƙasa da ita, ta nausa wa wadda ke sarari. Idon tsohon mai tsaron raga ba ya rasa irin waɗannan, domin daga baya ake ganin wanda ke aiki da wanda ke rawa. Sai kuma doguwar tamu ta tsakiya, wadda ta fara cin kowane tsalle tana sauke ƙwallo daidai hannun mai jan gashin.

Ana cikin haka baƙin suka bugo wata ƙwallo mai tsawo zuwa bakin gidanmu. Mutum huɗu suka taru a ƙarƙashinta suna ture-ture. Na ga Mamana ta taho da gudu daga baya, ta yi tsalle, ta ɗora gwiwarta a kan gadon bayan wata, ta ƙara tashi sama da kowa, ta cafke ƙwallon da hannu biyu. Na ɗan lokaci kamar an rataye ta. Sannan ta faɗo a kan kafaɗarta, ƙwallon na ƙirjinta. Dattijon ya cire gyalensa yana juya shi a sama yana ihu, maƙwabcina yana ta surutu da Twi, yaren mutanen Kumasi, ni kuwa ina jira in ga ko za ta motsa.

Ta tashi. Ta zare robar bakinta, ta nuna wa abokanta inda kowa zai tsaya, da wata murya da ta cika filin har ta dawo daga bishiyoyi. Shekara ashirin da ɗaya muna gida ɗaya, ban taɓa sanin tana da wannan murya ba. A gaskiya wannan ya fi kayarwar da tsallen girgiza ni.

A kashi na ƙarshe tazarar ta yi ta raguwa, har ya zama saura maki biyar tsakani, mai riƙe da agogo kuma ya riga ya ɗaga ƙahon da ake busawa in lokaci ya cika. A cikin 'yan wasanmu na gaba akwai wata 'yar ƙaramar mata, malamar firamare, wadda ta haura arba'in. Tun da aka fara wasa sau uku ƙwallo na zuwa hannunta tana suɓucewa, har na ce wa maƙwabcina da ni ne koci da tuni tana benci. Mai jan gashin ta fito daga wani cunkoso, ta ɗaga kai, ta buga. Ƙwallon ta nufi malamar. Na rufe ido ɗaya. Ta daki ƙirjinta, ta yi sama, ta sake faɗowa, ta rungume ta kamar jariri. Sai ƙaho ya tashi.

Na ce shi ke nan, an gama, na fara naɗe kujera. Dattijon ya riƙe mini hannu. Ya ce wadda ta cafke kafin ƙaho tana da ikon bugunta, ko da lokaci ya ƙare. Maki ɗaya ba zai yi ba, sai shida.

Malamar ta ja da baya, ta goge tafin hannunta a wando, ta taho da 'yan ƙananan taku. Bugun bai yi kyau ba ko kaɗan. Ƙwallon ta tashi tana tangaɗi kamar kazar da aka jefa, ta karkata hagu, ta yi kamar za ta daki sanda, sannan ta sulale ta tsakiya da ƙyar. Mutumin da ke tsaye a bayan sandunan ya miƙo yatsu biyu, ya ɗaga fararen tutoci biyu, alamar maki shida.

Abin da na tuna bayan nan shi ne na sami kaina a tsakiyar fili, hulata a hannu, takalmina ɗaya ya tsaya a bakin layi. Maƙwabcina ya rungume dattijon ya ɗaga shi sama. 'Yan wasan suka yi da'ira, hannu a kafaɗar juna, suna rera wata waƙa da babu mai daɗin murya a cikinsu, malamar tana tsakiya tana kuka.

Bayan an lafa aka koma gindin wata bishiya inda ake gasa nama. Wata daga cikinsu ta kawo mana namu a faranti dabam, ta ce na halal ne, a Silver Spring suke sayowa saboda Mamana tun da ta shigo ƙungiyar. Muna ci dattijon ya zagayo da 'yan guntayen takardu da alƙaluma. Ya ce al'adarsu ce, bayan kowane wasa ɗan kallo zai rubuta lambar mutum uku: maki uku ga wadda ta fi kowa, biyu ga mai bi mata, ɗaya ga ta ukun.

Nan musu ya kaure. Wani saurayi ya ce malamar ce ta ci wasa, ita ke da uku. Dattijon ya ce bugu ɗaya ba ya wanke suɓucewa uku. Na ce na yarda da shi, amma kada a manta zuciyar da ta tsaya ta buga alhali kowa na kallonta. Wata mata ta kawo doguwar tsakiya, na ce ta yi barci a kashi biyun farko, sai da aka sha ruwa ta farka. Na kawo mai jan gashi, na ce duk maki shidan da muka ci bayan hutu, in aka bi sawunsa, daga hannunta ya fito. Dattijon ya dube ni da mamaki, ya ce awa biyu da suka wuce ina neman raga. Maƙwabcina kuwa bai tsaya musu ba, ya rubuta goma sha huɗu da manyan baƙaƙe ya ɗaga kowa ya gani.

Na koma gefe da takardata. Na san abin da idona ya gani. In don tsare gida ne, ba don Mamana ba da tun kashi na biyu an gama da mu. Amma hannuna ya ƙi. A inda na tashi mutum ba ya yabon ɗansa na fari a gaban jama'a, ko sunansa ba ya kamawa. Mahaifina sau ɗaya ya taɓa zuwa kallona, ranar da na tare bugun daga kai sai mai tsaron gida har biyu, abin da ya ce mini a hanya kawai shi ne wandona ya yi datti. Na ce wa kaina ai ta ratsa gaban gida da ƙwallo, wannan ya isa hujja. Na ba mai jan gashi uku, doguwar biyu, malamar ɗaya. Na ninke na jefa a hular dattijon.

Ya zauna ya ƙirga, ya miƙe ya yi gyaran murya. Mai jan gashi ce ta zo ta ɗaya, ta fi Mamana da maki biyu kacal. Aka yi tafi. Sai ya ɗaga wata takarda ya ce akwai abin da bai gane ba: duk takardun nan babu wadda ba ta da lamba goma sha huɗu, sai wannan guda ɗaya. Wane ne ya kalli wasan nan bai ga wancan tsalle ba?

Kowa ya shiga waige-waige. Maƙwabcina ya dubi fuskata, ya fashe da dariya har naman ya faɗi daga hannunsa, ya nuna ni da yatsa.

"Babansa ne! Wallahi babansa ne!"

Ban taɓa ganin Turawa sun yi shiru irin na ranar ba. Dattijon ya buɗe baki ya kasa rufewa. Na so in yi bayanin kara da kunya, na ga Turancina na kantin magani ba zai ɗauke su ba. Na ce kawai, "Haka muke yi a wurinmu." Ban iya duban inda Mamana take ba.

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Sannan Mamana ta ce daga baya, "Baba, wa ka ba uku?"

Na faɗa mata.

"Daidai ne. Ta fi ni yau. Amma ɗayan da ka ba malama, kuskure ne. Ka ga lamba biyu? Ita ta riƙe gwanarsu tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ba ta bar ta ta juya ba. Ba wanda ya rubuta ta."

Na ce na gan ta, amma tana yawan riƙe riga. Ta ce kowa na riƙe riga, wanda aka kama ne mai laifi. Na ce ita kuma me ya kai ta ratsa gaban gida? Ta ce ta ji ni, duk filin ya ji ni, har 'yan ƙungiyar suna tambayarta me kalmar "waje" take nufi. Muka yi ta yi, ni da Hausa ita da Turanci, maƙwabcina yana raba gardama yana ƙara zuga ta, har na wuce mahaɗar Greenbelt ban sani ba, sai da muka zagayo. Tun da aka haife ta ba mu taɓa magana mai tsawon wannan ba.

Da muka iso ina hawa bene ina shirya yadda zan gaya wa mahaifiyarta, don na san in ta ji ana kayar da 'yarta a ƙasa, wasan ya ƙare daga ranar. Na same ta a kicin tana tuƙa tuwo. Kafin in buɗe baki ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Malam, sun ci?"

"Sun ci da maki ɗaya. Amma tsaya, kin san irin wasan da yarinyar nan take yi kuwa?"

"Wa kake zaton ya ɗinka mata ɗankwalin? Sau uku ina zuwa, kana wurin aiki."

Na jingina da firji. Na tambaye ta batun yatsan da aka ɗaure wa Mamana a watan Yuni, wanda aka ce mini ƙofar mota ce ta datse. Ta ce ai ita ba ta ce ƙofa ba, ni na ce ko ƙofa ce, ita kuma ta yi shiru. Da an gaya mini tun farko, in ji ta, da na hana kafin in gani.

Ta kwashe malmala ɗaya ta sa a leda, sannan ta ce, "Dattijon nan mai gyale ya ba ka takarda?"

Na ce ya ba ni. Na faɗa mata abin da ya faru, ina jiran faɗa. Sai ta yi murmushi tana kallon tukunya.

"Ni ma duk zuwan da na yi ban taɓa rubuta lambarta ba. Sai dai ni nakan ce masa ban zo da tabarau ba."

Mamana ta ƙara shekara biyu tana wasan kafin ta gama karatu aiki ya kai ta wata jiha. A shekarun nan na roƙi abokin aikina muka yi musayar Asabar, ban fi wasa uku na rasa ba. Labarin wasan ranar kuwa bai kai Juma'a ba sai da maƙwabcina ya baza shi. Bayan an idar da salla wani likita ɗan Katsina da ke zaune a Mitchellville, mutum mai kamewa wanda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ya ja ni gefe ya rage murya.

"Alhaji, wai da gaske ne 'yar wajenka tana ɗaga Turawa tana bugawa da ƙasa?"

Na ce da gaske ne, amma bisa doka.

Ya gyara zaman hularsa, ya duba hagu da dama. Ya ce yana da 'yan mata biyu a gida da suka hana kowa sakat da kokawa a falo, ƙarfe nawa ake fara atisaye?